Bentileta na ta kuka wai iska na zuba, mun canza bututu amma bai daina ba

Tambaya: Salam injiniya, ni nas ce a ɗakin kulawa ta musamman. Bentileta ɗinmu (injin da ke taimaka wa mara lafiya numfashi) guda ɗaya tun da aka dawo da kayansa daga wanki yake ta kuka wai iskar da ke dawowa daga mara lafiya ta yi kaɗan, mun canza bututun gaba ɗaya amma bai daina ba. Injin ne ya mutu ko me?

Amsa: Wa'alaikumussalam Sista. Kafin komai dai, in injin ya fara wannan kukan da mutum a kai, a cire mutumin a kama ambu, wato jakar iska da ake matsawa, a ci gaba da ba shi iska da hannu, ba a gyaran inji da rai a jikinsa, sai a kawo wani injin ko a yi ta matsa ambun har a gano matsalar.

Toh ki ɗauko huhun gwaji, wannan 'yar jakar roba, ki jona a bakin bututun ki kunna. In kukan ya tsaya, injin lafiyarsa lau, matsalar tana wajen mara lafiya ne, yawanci balan-balan ɗin bututun maƙogwaro ya sace, ki auna matsin iskar cikinsa ya zauna tsakanin 20 zuwa 30 cmH2O, in kin saka stetoskop a wuya ma za ki ji iskar na fita kamar ana busa.

In kuma da huhun gwajin ma yana kuka, ni wallahi zargina na farko bawul ɗin fitar iska ne, tunda kin ce daga wanki aka dawo da shi. A cikinsa akwai wata 'yar roba zagayayya mai laushi, sau da yawa bayan otokilef, wato kashe ƙwayoyin cuta da tururi, masu haɗawa su kifa ta ta baya ko su manta ta kwata-kwata a tire, na taɓa zuwa wani asibiti da aka rubuta wa inji "ya lalace" aka tura shi sito wata biyu, ashe robar ce a juye, minti biyar ya tashi. Ki ɗaga ta a haske ki duba ko ta tsage ko ta lanƙwashe.

Sai sensar auna iska, in ruwan humidifaya, wato na'urar da ke sa wa iskar danshi, ya kwanta mata lissafinta rikicewa yake, a bar ta ta bushe da kanta kada a hura mata iska da ƙarfi, sannan a sake saita ta. Ki duba kofin tara ruwa na jikin bututun shi ma, in ba a murɗa shi ya zauna daidai ba nan kaɗai ya isa.

Bayan kin haɗa komai ki bar injin ya yi gwajin kansa har ya ci gwajin zubar iska kafin ya koma kan kowa. In ya faɗi duk da haka, kada ku buɗe cikinsa, ki rubuta lambar kuskuren da ya nuna a allo ki ba injiniyan asibitinku.