Filasma, Rangwame da Cinikin Biri a Sama: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin da suka taru a wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya suke: sayen talabijin, da sunayen da ake laƙaba wa ire-irensa, da kalmomin da masu talla ke jefo mana idan suna son mu zura hannu a aljihu. Na haɗa su wuri guda, na taƙaita waɗanda suka yi tsawo.

Tambaya: Malam, talabijin ne ko telebijin? Kuma "ya lalace" ake cewa ko "ta lalace"?

Amsa: Duka biyun ana ji, amma talabijin ya fi yawa a rubuce, shi nake bi. Kalmar ba ta ƙare da wasalin "a" ba, don haka namiji ce bisa ƙa'ida: talabijin ya lalace. Mai cewa "ta lalace" na'ura yake nufi a ransa, ba ni da faɗa da shi.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, na je sayen filasma, mai kanti ya ce an daina yin filasma, sai dai LED. Alhali duk wanda na sani talabijin ɗinsa na bango filasma yake ce masa. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, mai kanti ne ke da gaskiya, kuma ka taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi.

Mu fara da ita kanta kalmar. Ba ni da ƙorafi a kan yadda bakinmu ya sarrafa ta. Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu su yi karo a farkon kalma, sai ya cusa wasali tsakaninsu, kuma harafin "p" ya koma "f". Haka aka yi wa firamare, haka "p" ɗin fensir da famfo ya koma. Filasma ta bi hanyar da 'yan'uwanta suka bi, ta zama 'yar gida. Damuwata ita ce kayan da aka ɗora mata wanda ba nata ba.

Filasma suna ne na nau'i guda. Gilashi biyu ne, a tsakaninsu miliyoyin 'yan ƙananan ɗakuna cike da iskar gas. Idan lantarki ya ratsa iskar sai ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya bugi sinadarin da aka shafa a bangon ɗakin, ya haska ja ko kore ko shuɗi. Hotonsa na da kyau ƙwarai, musamman wurin duhu da wurin gudu irin na wasan ƙwallo. Amma yana da nauyi, yana ɗaukar zafi, yana shan wuta. Panasonic da Samsung da LG, manyan masu ƙera shi, duk sun rufe wannan babi a 2014. Wanda duk ya ce zai sayar maka da sabuwar filasma dal a yau, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya san kai ne ba ka sani ba.

Yadda sunan ya bazu ba abin mamaki ba ne. Lokacin da muka rabu da tsohon akwati mai ƙusumbi, filasma ce babban allon da aka fara gani manne a bango, sai ta cinye sunan duk wanda ya biyo bayanta, kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin sabulu. A garin sabulu asarar kaɗan ce. A abin da mutum zai tara kuɗin watanni kafin ya saya, asarar babba ce. Hausawa sun ce suna linzami ne. Idan linzamin ba na dokin ba ne, ina zai kai ka?

Shi ma mai kantin bai gaya maka zancen duka ba. Abin da ake rubuta wa LED a jikin kwali, LCD ne. Allon LCD ba shi da hasken kansa. Wani sinadari ne a tsakanin gilasai, shi ba ruwa ba shi ba daskararre ba, aikinsa kamar na labule: ya buɗe haske ya wuce, ya rufe haske ya tsaya. Dole sai an kunna masa fitila a bayansa. Da can dogayen ƙwayaye ake sawa irin na fuloresan, daga baya aka maye gurbinsu da ƙananan ƙwayayen LED, allon ya ƙara sirancewa, shan wuta ya ragu. Fitilar aka sauya, labulen yana nan. Sai masu talla suka ɗauki sunan fitilar suka ba talabijin ɗin gaba ɗaya.

Da za a bi tawa, da mun huta da waɗannan haruffa mun raba su gida biyu da Hausarmu: mai fitila a baya, da mai hasken kansa. Duk allon da za ka tarar a kanti yau, a ɗaya daga cikin gidajen nan biyu yake.

Tambaya: To Malam, OLED da QLED fa? Ni na ɗauka kuskuren rubutu ne, wutsiya aka ƙara wa harafin.

Amsa: 'Yar'uwa, kama da wane ba ta wane. Wutsiyar nan ita ce ta raba gidajen biyu da na ambata.

OLED mai hasken kansa ne. Kowane ɗigo a allon shi ke kunna kansa ya kashe kansa, babu fitila a baya. Idan hoton dare ne, ɗigon mutuwa yake yi ɗungurungum, sai ki ga baƙi wuluk. Sony ya fara fitar da irinsa kasuwa a 2007, ɗan ƙarami mai inci 11, LG kuma ya kawo mai inci 55 a 2013. Lahaninsa biyu: tsada, da kuma tabo. Idan abu ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya, kamar tambarin tashar labarai da ake bari kunne safe da dare, inuwarsa na iya zama a allon.

QLED suna ne da Samsung ya yayata daga 2017. Mai fitila a baya ne, an dai ƙara masa wani shimfiɗi na ƙwayoyi ƙanana ƙwarai masu tsarkake launi, ja ya fito jawur, kore ya fito shar. Yana da ƙarfin haske, ya dace da ɗaki mai manyan tagogi, kuma tabo ba ya damunsa. Amma da yake fitilar na ci a baya, baƙinsa kan yi toka-toka. Wanda ake kira Mini-LED yana rage wannan: fitilun bayan dubbai ne, an kasa su yanki-yanki, yankin da hoto ya yi duhu sai a dushe nasa.

Ki lura da abin da na yi amfani da shi yanzu: wuluk, jawur, shar. Harshenmu na da kalmomin auna launi da masu talla ba su da su. Ki tsaya gaban allon ki tambayi kanki, baƙin nan wuluk ne ko toka-toka? Kin gama rabin binciken.

Tambaya: Me ya sa kuke cewa "allo"? Ba na makaranta ba ne?

Amsa: Daga Larabci ne, lauhu, muka haɗiye shi da "al" ɗinsa kamar alƙalami da aljihu. Duk shimfiɗaɗɗen abin da rubutu ko hoto ke bayyana a kansa allo ne. Fuskar talabijin ma daidai ne.

Tambaya: Na sayi mai inci 55, na auna faɗinsa da tef bai kai ba. An cuce ni?

Amsa: Ba a cuce ka ba. Daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ake aunawa, a karkace. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka inci 55 wajen santimita 140 ke nan a karkace, faɗinsa kuwa wajen 122, tsayinsa wajen 68. Kuma kada tazarar lamba ta ruɗe ka: mai inci 65 ya fi mai 55 fili da kusan kashi 40 cikin 100, ba ɗan ƙari ba ne. Ka auna bangonka kafin ka fita.

Tambaya: Malam, a tallan talabijin wani ya rubuta ragi, wani rangwame, wani rahusa, wani garaɓasa. Duk ɗaya ne? Sannan mene ne "Baƙar Juma'a" da ake cewa kaya na faɗuwa?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, kuma abin takaici ne yadda ake zuba su kamar tsakuwa, wadda ta zo hannu a jefa.

Ragi daga rage yake. Lissafi ne tsantsa: kuɗi kaza ne, an cire kaza. Rangwame ya fi shi taushi, akwai sassauci a cikinsa, shi ya sa ake cewa mara lafiya ya samu rangwame, ko a roƙi mai bin bashi ya yi rangwame. Wanda ya yi maka rangwame ya dube ka ne. Kamfanin da bai san da zamanka ba ragi yake yi, ba rangwame ba, ko da ya rubuta hakan da manyan haruffa. Rahusa daga Larabci take, rukhsa, wadda malaman fiƙihu suka sani da ma'anar sauƙin da aka yi wa mai uzuri. A ciniki tana nufin kaya ya yi sauƙi a kan kansa, ba lallai an rage wa wani ba. Garaɓasa kuwa tsintuwa ce, abin da ka samu ƙasa da darajarsa nesa ba kusa ba. Mai saye ne ya kamata ya ce ya samu garaɓasa bayan ya kai kaya gida ya gwada. Idan mai sayarwa ne ke shelanta ta da bakinsa, a yi hattara. Akwai kuma gyara, ɗan abin da ake ɗora maka bayan an sallama, kamar ƙarfen maƙalawa a bango ko wayar haɗi. Gyara ba ragi ba ce, kada a lissafa maka ita a matsayin kuɗin da aka cire.

Baƙar Juma'a fassarar "Black Friday" ce kai tsaye daga Amurka, kuma ba ta zauna a kunnena ba. Juma'ar da ke bin bikin godiyarsu ce, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. 'Yan sandan birnin Filadelfiya ne suka yayata sunan saboda cunkoson da ranar ke jawo musu, daga baya 'yan kasuwa suka karɓe shi. A Hausa kuwa baƙar rana ranar musiba ce, baƙin labari na mutuwa ne, baƙin ciki kowa ya san shi. Yaya za a jingina wannan ga Juma'a don an rage kuɗin talabijin? A ƙasashen Larabawa wasu kamfanoni sun ga wannan matsala suka mayar da ita Farar Juma'a. Mu "Juma'ar ragi" ta ishe mu. Ta faɗi abin da ake nufi, ba ta ɓata wa kowa rai ba.

Game da ragin kansa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanoni kan nuna sababbin samfuransu a watan Janairu a babban baje kolin kayan lantarki na birnin Las Vegas a Amurka, su shigo kantuna bayan 'yan watanni, sai a karya kuɗin na bara don a samu wurin ajiya. Wannan ragi ne na gaskiya, kuma na bara mai kyau ya fi na bana maras kyau. Amma akwai wanda ake ɗaga kuɗin a takarda sannan a soke shi da jan layi, akwai kuma samfurin da ake ƙerawa musamman don lokacin ragi, an rage masa kayan ciki, lambarsa ta bambanta da ta asalin da harafi ɗaya ko biyu. Ka rubuta cikakkiyar lambar samfurin, ka bi kuɗinsa na 'yan makonni kafin ranar.

Tambaya: "Araha ba ta ado" na nufin kada a sayi mai sauƙin kuɗi ke nan?

Amsa: A'a, kuma masu sayarwa sun fi kowa son a fahimce ta haka. Karin maganar ado ta ambata, ba amfani ba. Tana cewa abin da ka samu a ɓagas kada ka sa ran zai fitar da kai kunya ranar nuni. Ba ta ce duk mai tsada nagari ne ba. 'Yar'uwarta ita ce ta cika zancen: sayen nagari, mai da kuɗi gida. Nagari aka ce, ba mai tsada ba. Wanda ɗakinsa ke da hasken rana, kuma labarai yake bari kunne yini guda, mai fitila a baya shi ne nagarinsa ko da ya fi araha. Mai kallon fim da dare a ɗaki mai duhu, kuɗin OLED ba asara ba ne gare shi.

Wadda na fi so a tuna ita ce cinikin biri a sama, wato biyan kuɗin abin da bai zo hannu ba. Har a cikin kanti ana yin sa. Allunan da aka jera an ƙure musu haske da launi, an sa musu hoton da aka tsara don su burge. A nemi a mayar da shi yanayin gida, a sa tashar da aka saba kallo, a koma gefe a duba ko launin ya koɗe, domin wasu allunan daga gaba kaɗai suke da kyau, alhali iyali ba duka ke zama a tsakiya ba. A kuma karɓi takardar garanti a karanta. Gani ya kori ji, amma sai an ga abin da za a kai gida.

Tambaya: Yaya za a ce 4K da Hausa?

Amsa: A bar shi 4K, a bayyana shi. Adadin ɗigon hoto ne: 3840 a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan 8, ninki huɗu na mai 1920 da 1080. Na fi son ɗigo a kan ƙwaya, don ƙwaya ta riga ta yi kaya da yawa. Ka sani dai yawan ɗigo ba ya gyara hoton da tasha ta aiko da shi a dushe, kuma a ƙaramin allo daga nesa da wuya ido ya ga bambancin.

Tambaya: Rimot fa, ba mu da tamu kalmar?

Amsa: Rimot ya zauna, yara da tsofaffi duk sun san shi. A ƙyale shi.