Na ɓoye folda a kwamfuta, sai na sayi manhajar kullewa kuma?

Tambaya: Salam. Laptop ɗaya muke amfani da ita ni da ƙannena, kuma ina da takardun aiki da bana so kowa ya buɗe. Na sa wa foldar Hidden ta ɓace, amma abokina yace in sayi manhajar kulle folda. In saya ko in bar ta haka?

Amsa: Wa alaikas salam ɗan'uwa. Kar ka saya tukuna, amma fa kar ka saki jiki da Hidden ɗin nan, don labule ne kawai ka saki, ba ƙofa ka kulle ba. Duk yaron da ya shiga File Explorer ya taɓa View ya kunna Hidden items zai ga foldar taka ɓaro-ɓaro, kuma yaran yanzu kam sun fi mu sanin waɗannan lunguna. Haka abin yake a Mac, Command da Shift da ɗigo ake dannawa tare komai ya fito. Wani lokacin ma fayil ɗin da ka buɗe jiya yana nan a jerin Recent yana tona maka asiri.

Abu na farko, buɗe wa ƙannen naka nasu akawun a Windows ɗin, Standard, wato na talaka mai amfani kawai, ba Administrator mai iko da komai ba, kai kuma ka sa wa naka fasuwod mai ƙarfi, wannan kaɗai ya raba rigimar kuma ko sisi ba ka kashe ba. In takardun masu nauyi ne sosai to sai ka rufe su da encryption, wato a hargitsa bayanan yadda ko an kwafe su ba za su karantu ba sai da mabuɗi. Manhajar 7-Zip kyauta ce, tana dunƙule folda ta kulle ta da AES-256, wani salon encryption mai ƙarfi, ka zaɓi tsarin 7z ka kunna Encrypt file names don ko sunayen fayilolin kar a gani, sannan kar ka manta ka goge na asalin har daga Recycle Bin, mutane da yawa a nan suke yin sakaci. VeraCrypt ma kyauta ne, shi kamar akwati yake yi maka a cikin kwamfutar. Wasu daga cikin manhajojin kuɗin nan ɓoyewa kawai suke yi su ɗora fasuwod a fuska, to me ka saya kenan?

Tambaya: Filas ɗina fa, in ya ɓace?

Amsa: Nan Hidden ba ya tsinana komai. In Windows Pro gare ka, yi amfani da BitLocker To Go, wato makullin filas na cikin Windows, Windows Home kuwa ba ya iya kullewa da shi sai dai buɗewa, sai ka koma VeraCrypt. BitLocker zai ba ka mabuɗin ceto mai lambobi 48, ka rubuta shi a takarda ka adana, ba a cikin filas ɗin ba don Allah, don in fasuwod ya ɓace mabuɗin ma ya ɓace, mai gyara ba zai iya fito maka da komai ba.