Kwanan watan kwamfutata yana komawa baya, in sayi sabon bod?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sayi kwamfutar tebur ta gwanjo, na ɗora mata Linux, ina ajiye lissafin shago a ciki. Duk ranar da aka ɗauke wuta, in na kunna ta sai in tarar kwanan wata ya koma shekarun baya. Na kuma ga saƙo cewa TSC "unstable" ne, an koma HPET. Mai gyara ya ce bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, shi ne ya mutu, in kawo kuɗin wani. In saya? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Riƙe kuɗinka tukuna, ɗan'uwa. Matsaloli biyu ne aka haɗa maka a faifai ɗaya, kuma ba agogo ɗaya suka shafa ba.

Komawar kwanan wata aikin batir ne. A kan bod akwai ƙaramin agogo da ake kira RTC, mai bugawa sau 32,768 a daƙiƙa, shi ke riƙe lokaci idan babu wuta. Abincinsa batir ne mai kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3. Buɗe murfin, za ka gan shi yana ƙyalli a gurbinsa. Danna ɗan ƙarfen da ya riƙe shi, zai yi tsalle ya fito. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Sa sabo, gyara lokaci a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, shi ke nan.

Maganar TSC ce ke buƙatar zama. Da zarar kwamfuta ta tashi, kanel, wato zuciyar Linux, ba ya dogara da RTC wajen auna lokaci. Yana zaɓar ma'auni ɗaya cikin waɗanda na'urar ke da su. Wanda ya fi so shi ne TSC, maƙirgi da ke cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tun furosesar Pentium ta 1993, saboda karanta shi ba ya cin komai, manhaja ma ba sai ta ƙwanƙwasa ƙofar kanel ba. Aibinsa a tsofaffin furosesa shi ne gudunsa na bin gudun furosesar: ta rage sauri don tsimin wuta, shi ma ya rage, ta yi barci mai nauyi, ya tsaya cak. Shi ya sa kanel ke gwada shi da wani ma'aunin a kai a kai. In ya ga sun saɓa, sai ya ajiye shi ya ɗauki HPET, wanda ke wajen furosesa, galibi yana bugawa sau miliyan 14.3 a daƙiƙa. Saƙon da ka gani ke nan. Kanel ne ya yi aikinsa.

HPET ba ya ƙarya, nawa kawai gare shi wajen karantawa. A lissafin shago ba za ka taɓa jin bambanci ba. Wanda zai ji shi ne mai saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, da ke tambayar lokaci sau dubbai a daƙiƙa.

In ta kama dole sai ka sake saye nan gaba, kafin ka biya duba fayil ɗin /proc/cpuinfo a Linux ka nemi constant_tsc da nonstop_tsc, alamun cewa gudun TSC ba ya canzawa kuma ba ya tsayawa. Furosesar Intel daga zamanin Nehalem, 2008, suna zuwa da su. In naka yana da duka biyun amma saƙon na fitowa, fara sabunta BIOS. Wasu za su ce ka sa tsc=reliable, saitin da ke hana kanel gwada TSC; wannan rufe bakin mai gadi ne kawai, ban ba ka shawara ba.

Tambaya: Zan haɗa na'urar auna ruwan rijiyar burtsatse a ƙauyen da babu intanet. Wace zan saya cikin ƙananan kwamfutocin nan, Raspberry Pi 4 ko 5? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, Pi 4 ba shi da RTC ko kaɗan. Daga intanet yake karɓar lokaci, don haka a ƙauyen nan kowane ɗaukewar wuta zai ɓata miki jerin awon. Pi 5 yana da shi, sai dai batirin daban ake saye. Ni dai ba zan biya kuɗin Pi 5 don agogo kaɗai ba, ga shi ya fi shan wuta, kuma na san da sola za ki yi aiki. Ɗauki Pi 4 ki haɗa masa ɗan guntun agogon RTC mai suna DS3231, ki tabbata mai sayarwa ya ba ki da batirinsa.