Anti, hular da nake ɗinkawa tattarewa take yi

Tambaya: Salam Anti, daga wani ƙauye kusa da Ringim nake. Na fara koyon ɗinkin hula da rani bayan an kai amfanin gona gida, amma wallahi duk wadda na ɗinka sai yadin ya tattare, zanen ya karkace. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, don Allah kar ki karaya. Jan zaren ne ya yi yawa, ki riƙa sassauta hannu kaɗan kuma kar ki yanko zare mai tsawo, kamu ɗaya ya isa, in ya wuce haka ƙullewa zai dinga yi. Ki zauna a tsakar gida da hantsi ki yi, fitilar dare tana gajiyar da ido sosai. In kin gama ki kai wa masu wankin hula su sa mata sitati, za ki ga ta miƙe tsaf.