Kibiyoyin zanena suna watsewa a Word, wace manhaja zan koma?

Wata ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ta rubuto: "Malam, ina rubuta kundin kammala karatu, kuma an ce in zana matakan da takarda ke bi a ma'aikatar da na yi gwajin aiki. A Word nake yi, amma da na matsar da akwati ɗaya sai kibiyoyi su watse. Wani ya ce zai sa mini Visio kyauta. In yarda?"

Ƙanwata, kada ki yarda. Visio, manhajar zana irin waɗannan matakai, ta Microsoft ce tun shekarar 2000, kuma sayenta ake yi. Wadda ake rabawa "kyauta" fasasshiya ce, irinta kuwa ta kan shigo da cuta cikin kwamfuta. Wa zai so haka ana dab da kare kundi?

Watsewar da kike gani, layin bai kama jikin akwatin ba ne. Idan kin ja kibiya, ki kai bakinta daidai kan ɗigon da ke bayyana a gefen akwati, sai ta maƙale, duk inda akwatin ya je ta bi shi. A PowerPoint wannan na aiki lafiya lau. A Word sai kin fara buɗe filin zane (wato "drawing canvas") kin yi komai a cikinsa, abin da yawancin mutane ba su yi.

Ni dai draw.io nake ba ɗalibai shawara. Kyauta ce, tana da Faransanci, kuma akwai wadda ake saukewa a Windows, Mac ko Linux, ta yi aiki ba intanet. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙirga mega. Sau ɗaya za a sauke ta, sauran ƙawayenki su kwafa daga gare ki. Lucidchart tana da kyau, amma dole sai da intanet, kuma ta kyautar tana ƙayyade yawan zane da siffofin da za ki saka.

Ki kula da ma'anar siffofin, don malamai a nan suke kama mutum. Mai kama da ƙwai na farawa da ƙarewa ne, akwati na aiki ne, mai siffar daimon na tambaya ne, kuma kibiyoyi biyu ke fita daga gare shi, "i" da "a'a". Ƙa'idar ISO 5807 ta 1985 ce ta tsara su. Kafin ki kunna kwamfuta ma, ki zana da biro a takarda.

Idan kin gama, ki fitar da zanen a matsayin hoto (PNG) ki saka a Word, amma ki adana fayil ɗin asali mai ƙarshen .drawio. Malaminki zai ce a gyara, hoto kuma ba ya gyaruwa.

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Ali Dan Sofo ya tambaya: "Ba ni da kwamfuta, salula za ta iya?"

Alhaji, za ta iya ƙaramin zane. Draw.io tana buɗewa a Chrome na waya, sai dai jan kibiya da yatsa akwai wahala in akwatunan sun yi yawa. Ka kwantar da wayar a kaikaice, kuma in za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin PDF, don yana matse hoto har ƙananan rubutu su daina karantuwa.