Tambaya da Amsa: Maganin zuciyar Baba da zafin Legas

TAMBAYA: Assalamu alaikum, daga Agege nake. Babanmu yana da ciwon zuciya da hawan jini, kullum yana shan amlodipine da aspirin, akwai kuma wata 'yar ƙwaya da yake sawa ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe shi. Yayana yana sayo na wata 3 lokaci ɗaya, ni kuma sai in ɓare su duka in zuba a roba ɗaya tunda Baba baya gani sosai. Ƙanwata tace a sa a firij. Ya ya kamata muyi? Ai indai bai yi ekspaya ba shikenan ko?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da wannan ɗawainiya. Amma dan Allah ɓarewar nan ki daina daga yau.

Kinga kwanan watan da ke jikin kwali, kamfani ya rubuta shi ne bisa sharaɗin maganin na cikin katinsa ko kwalbarsa, a wuri mara danshi, zafi bai wuce digiri 30 ba, wasu ma 25 suke rubutawa. To mu da muke Legas kin san yadda iska take, gishiri ma jiƙewa yake a kicin balle ƙwaya da aka cire mata riga, ga ɗakin kwano da rana in an ɗauke wuta ba fanka, sai magani ya rage ƙarfi tun lokacinsa bai yi ba kuma ido ba lallai ya gane ba. Aspirin kam yana tona kansa, in danshi ya shige shi zaki ji yana wani warin tsami, wannan a canzo wa Baba sabo.

Wadda tafi damuna ita ce ta ƙarƙashin harshe, nitroglycerin kenan ko GTN. Wannan maganin ficewa yake daga jikin ƙwayar a hankali in ta sha iska ko zafi, roba da auduga ma suna zuƙe shi, shi yasa take zuwa a 'yar kwalbar gilas. A barta ciki, a rufe gam bayan kowane ɗauka, kada a haɗa ta da wani magani. Ki rubuta ranar da aka buɗe a jikin kwalbar, don akwai nau'in da sati 8 kawai yake yi bayan buɗewa, wani yafi haka, takardar ciki ko mai famasi zasu faɗa miki. In akwai hali ku tambayi likita na fesawa, yafi jurewa. Kuma in Baba ya sa ƙwayar minti 5 ciwon bai lafa ba kar a tsaya tunanin ko ta lalace, a kira 112 ko 767 ko a wuce asibiti kai tsaye.

Firij a'a, sai in kwali ya ce a sa. Ana ɗauke wuta ya yi gumi, danshin da muke gudu kenan. Banɗaki, kan taga, kusa da risho, cikin motar da aka faka a rana, duk babu. Durowa a ɗakin da yafi sanyi, inda jikoki basa kaiwa, ta isa.

Maganar ganin Baba, ki yanka katin da almakashi ƙwayar na cikin ledarta, ki ware na safe da na dare a ambulan biyu, ɓangaren da ke da kwanan wata ki barshi ya zama na ƙarshe. Yayanki kuma ya riƙa saye a famasi mai rajista, ya duba lambar NAFDAC, banda na tire da ke yawo a rana a tasha.

Waɗanda kika riga kika ɓare, ki kai wa mai famasi ya duba a canzo sabo, amma Baba kar ya tsallake ko kwana ɗaya kafin nan, tsayar da maganin zuciya farat ɗaya hatsari ne sosai.