Diyya ga wanda aka raunata: a biya kuɗin lis ko a'a?

Wata baiwar Allah daga Tsafe ta rubuto: "'Yan bindiga sun harbi maigidana a ƙafa, yanzu ko gona baya iya zuwa, ga firgita cikin dare. Wani yace mu kawo dubu 30 ya saka sunanshi a lis ɗin diyyar gwamnati. Mu saida akuya mu bashi?"

'Yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Don Allah kada ki saida akuyar nan, kada ki ba mutumin nan ko sisi.

Gaskiya akwai ƙasashen da gwamnati ke biyan wanda aka yi wa ta'asa daga aljihunta. A Ingila tun 1964 suke da tsarin, ko ba a kama mai laifi ba ana biya, har raɗaɗin ciwo da taɓuwar hankali suna lissafawa, kuɗin na iya kaiwa fam 500,000. Mu nan Najeriya bamu da asusu irin wannan da kowa zai cika fom ya karɓa, kuma abin yana min ciwo wallahi, ganin yadda mutanenmu ke kwance da harsashi a jiki. Abin da ake samu tallafi ne, irin na hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta tarayya ko ZEMA ta jihar Zamfara, shinkafa da masara, wani lokaci ɗan kuɗi, shi kuma ɗaukar suna kyauta ne, ta wajen mai unguwa da hakimi da ƙaramar hukuma ake bi.

In akwai inda kuɗi ya kamata su tafi to magani ne da takardu. Ki karɓi rahoton likita, a kai rahoto ofishin 'yan sanda a baku shaida, ki adana rasit ɗin kowane magani da hoton raunin, domin ranar da wani kwamiti ya zo tantancewa mai takarda ake saurara. Firgitar nan kuma ciwo ce, a haɗa da addu'a amma a kaishi wajen likita ya duba ya rubuta.

Wani kuma daga Ƙauran Namoda yace an sari ƙanenshi da adda a hannu wajen rigima, an kama mutumin, danginshi na son sulhu da kuɗi. Su karɓa?

Malam naka ya fi sauƙi, tunda an san wanda ya yi. Zamfara na aiki da dokar laifuka ta shari'ar Musulunci tun 2000, cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, hannu ɗaya idan ya salwanta rabi ne, raunin da ba a yanke masa adadi ba alƙali ke ƙiyastawa. Kada ku yi gaggawar karɓa yanzu yanzu, malaman Malikiyya ma cewa suka yi a jira rauni ya warke tukuna, saboda hannun da ake ganin zai tashi yana iya shanyewa daga baya.

Sulhu alheri ne, amma a yi shi gaban alƙali a rubuce, da kuɗin asibiti da kwanakin da yaron ya rasa na nema a ciki. Kuɗin raɗaɗi ana iya nemansu ta ƙarar farar hula a babbar kotu, sai dai ku fara duba ko mutumin nada abin biya kafin ku kashe kuɗi kan lauya. In babu hali ku je ofishin Legal Aid a Gusau, lauyoyinsu kyauta suke tsayawa marasa ƙarfi.